MCP Inspector: Yana Nuna Maka Bayanin Kayan Aiki, Amma Ba Ya Auna Ingancinsa

Duk mai haɗa wakilin AI, wato manhajar da ke aiki a madadin mutum, da zai riƙa amsa wa kwastomomin ɗan Kwari ko ɗan Singa saƙo, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da MCP (Model Context Protocol), tsarin da Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024 don haɗa wakili da kayan aikinsa, wato ƙananan shirye-shiryen da yake kira su yi masa aiki, kamar duba farashi. MCP Inspector ita ce manhajar gwajin wannan tsari, kuma kyauta ce. In akwai Node.js a kwamfutarka, ka rubuta npx @modelcontextprotocol/inspector, ka bi shi da umarnin da ke tayar da sabarka, wato shirin da ke ɗauke da kayan aikin, shafi zai buɗe a burauza a tashar 6274. A tabbata fitowar ta kai 0.14.1 ko sama, don na baya suna da ɓarakar tsaro da aka toshe a 2025.

Alherinta shi ne tana shimfiɗa maka abubuwa uku da wakili ke dogara da su: sunan kowane kayan aiki, bayaninsa, da guraben da zai cike. Wakili ba ya ganin rubutun shirin (code) da ka yi a ciki, waɗannan ukun su ne idonsa. Za ka iya cike guraben da hannu, ka aika, ka ga amsar da ta dawo ɗanyarta. Nan take gurbin da aka manta ba a yi masa bayani ba yake bayyana.

Inda ta gaza, babu wakili a cikinta. Kai ne ke zaɓar kayan aikin, kai da ka riga ka san manufarsa. A ce akwai duba_kaya da duba_farashi, bayanin na farko "yana duba kaya", na biyu "yana duba farashin kaya". Duka biyun za su yi aiki lafiya lau a Inspector. Amma Hajiya ta rubuto, "Akwai sauran irin atamfar nan, nawa turmi?", sai wakili ya kira ɗaya ya bar ɗaya, ko ya ƙirƙiro farashi daga kansa. Bayanin kirki zai ce: yana dawo da adadin da ya rage a shago kaɗai, ba ya ba da farashi, in an tambayi kuɗi a kira duba_farashi.

Ma'auni ya fi komai jawo asara. Gurbi mai suna "adadi" kawai tarko ne, domin turmin atamfa yadi shida ne. Kwastoma ta ce biyu, wakili bai san ko yadi ba ne ko turmi. A ƙara gurbin ma'auni, a ƙayyade masa zaɓi: yadi, turmi, bandir. Haka kuɗi. Paystack, kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet, yana karɓar adadi a kobo, don haka naira 15,000 ita ce 1,500,000. In bayani bai faɗa ba, wakili ya aika 15000, an caji naira 150 ke nan, kuma Inspector ba za ta ce uffan ba, tunda lamba ce ta cike gurbin lamba.

Sai ka haɗa mata da naka gwajin. Rubuta saƙonni 30 yadda mutanen Kano suke rubutu da gaske, har da masu kuskuren harafi da masu surka Turanci, a gefen kowanne ka sa kayan aikin da ya kamata a kira. Biyar daga ciki su zama waɗanda ba sa buƙatar komai, kamar "ya kasuwa?". Gwada kowanne sau uku da ainihin wakilin, saboda amsarsa takan sauya. Ware kurakurai gida uku: kiran wanda bai dace ba, cike gurbi ba daidai ba, da kira inda babu buƙata. Gyara bayani ɗaya a lokaci guda, ka sake gwada duka 30 ɗin, don gyaran wannan yakan janye wakili daga wancan.

Wani wurin da Inspector take biyan wahalarta shi ne saƙon kuskure. Aika lambar kayan da babu ita da gangan. In abin da ya dawo 500 ne tsurarsa, wato lambar da saba ke bayarwa in ta sami matsala, wakili zai yi ta maimaita kiran. A mayar da saƙon ya zama: "Ba a sami wannan lamba ba, a nemi kayan da sunansa ta nemo_kaya."