Wata shida Baba yana atisaye da BrainHQ: abin da idona ya gani

Ranar da Baba ya tambaye ni sau uku a zama ɗaya yaushe ƙanena zai dawo, ban runtsa ba. Shekarunsa 72, kuma mun ga yadda gigin tsufa ya yi da mahaifiyarsa har ta daina gane 'ya'yan cikinta. Likita ya duba shi ya ce abin bai kai can ba, a dai sa ido. Hankalina bai kwanta da zuba ido kawai ba, sai na shiga neman manhajar horar da ƙwaƙwalwa, na tsaya a kan BrainHQ ta kamfanin Posit Science.

Abin da ya ja ni gare ta atisaye ɗaya ne, Double Decision. Mota za ta gifta a tsakiyar allo, ƙarama ko babba, a daidai lokacin kuma wata alamar hanya ta bayyana a can gefe. Kafin ƙiftawar ido duk sun ɓace, sai a tambaye ka wace mota ka gani, kuma a wane gefe alamar ta fito. In ka dace a ƙara sauri, in ka kuskure a sassauta. Wannan sassaucin ya fi komai burge ni, domin Baba mutum ne da ba ya son a ga gazawarsa. A makon farko yakan matso da fuska dab da allon, yatsa a sama, ya ce, "Ke, ai ban ga komai ba, maido min." Yanzu zama yake ya jingina, yana taɓawa ba ko gezau.

Atisayen yana da asali. Daga irin wanda aka yi amfani da shi a binciken ACTIVE ya samo tushe, wanda aka fara a Amurka a ƙarshen shekarun 1990 da tsofaffi kusan 2,800 masu shekara 65 zuwa sama. An raba su: wasu horon tuna abu, wasu horon warware matsala, wasu horon saurin gani, wasu kuma ba a ba su komai ba. Zama goma ne da farko, kowanne awa ɗaya ko da 'yan mintuna, daga baya aka ƙara wa wasu. A 2017 aka fitar da nazarin da ya nuna cewa bayan shekara goma, haɗarin kamuwa da gigin tsufa a wurin 'yan rukunin saurin gani ya ragu da kashi 29 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su komai ba. Na yi murna da na karanta, amma na kuma karanta ƙorafin masana: ba don auna wannan cuta aka tsara binciken tun farko ba, kuma wani ɓangare na bayanan daga bakin tsofaffin da iyalansu aka samo shi.

Akwai kuma abin da ya sa nake taka-tsantsan da duk wannan kasuwa. A 2010 mujallar Nature ta buga gwajin wasannin horar da ƙwaƙwalwa da aka yi da mutum sama da 11,000 na tsawon mako shida. Sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan ba. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity, mai irin wannan manhaja, biyan dala miliyan 2 saboda tallan da ya wuce hujja.

A gidanmu ma abin da na gani ke nan. Makin Baba ya hau sosai, hankalinsa ya fi tsayawa wuri ɗaya, kuma da safe shi ke neman kwamfutar hannun da kansa. Sunan jikarsa ta ƙarshe kuwa har yanzu sai ya yi jim kafin ya kamo shi. Ban ɗora wa manhajar laifi ba, ido da sauri take horarwa, ni ce na sa rai fiye da kima.

Sauyi mafi girma daga wani wuri ya zo. Rahoton kwamitin mujallar likitanci ta Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, kaɗaici da raunin ji. Wannan na ƙarshen ya tsaya min a rai, muka kai Baba gwajin kunne. Ashe rabin maimaita tambayar nan, amsar ce ba ya ji, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Zan sabunta rajistar, kuma ina ba duk mai tsoho a gida shawarar ya gwada, a kan allo mai faɗi domin na waya ya yi wa idon tsoho ƙanƙanta, sannan ya zauna kusa da shi a makon farko. Jiya bayan minti ashirin ɗinsa, Baba ya gyara na'urar kunnensa ya miƙo min allon ya ce, "Zo ki gwada mu gani." Ya fi ni maki.