Ajin dare na magidanta a Ƙofar Nasarawa, darasin ƙaddara ya burge ni

Jama'a masu tambayata ko ajin nan na bayan isha'i ya cancanci kuɗin watan da ake biya, amsata eh ce, musamman yanzu da aka shiga babin ƙaddara. Kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne, kuma in ba ka da shi ba sa korarka.

Abin da ya kama ni shi ne malam ba ya gudun tambaya mai nauyi. Wani bawan Allah ɗan Kantin Kwari da ambaliyar 2022 ta jiƙa masa diloli na atamfa da shadda ya miƙe muryarsa na rawa ya ce Malam in Allah yana sona don me zai bar ni da bashin da har yau ban gama biya ba, wallahi na zaci za a ce ya yi istigfari ya zauna kamar yadda aka saba, amma malam ya bari ya gama tsaf. Sannan ya ce annabawa su aka fi jarraba kuma babu wanda Allah ya fi so kamar su, Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, don haka kuka da jin ciwo ba raunin imani ba ne, kuma musiba ba lallai alamar fushi ba ce.

To amma bai tsaya nan ba, nan ne ma na fi jin daɗi. Ya ce wanda ya yi gini kan magudanar ruwa ko ya cika kwata da shara kada ya zo yana cewa haka Allah ya ƙaddara, shi ya zaɓa kuma za a tambaye shi. Ya kawo aya ta 29 a Suratul Kahfi kan zaɓin da aka ba ɗan Adam, ya haɗa da ƙarshen Takwir inda aka ce so ɗinmu yana ƙarƙashin so na Ubangiji. Ya bayyana inda Jabariyya (masu cewa ɗan Adam ba shi da zaɓi) suka zame da inda Ƙadariyya (masu musun ƙaddara) suka zame, da Hausa mai sauƙi. Sai labarin Sayyadina Umar da ya juya da tawagarsa bai shiga Sham ba saboda annoba, aka ce ƙaddara kake gudu, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Matsala dai akwai. Lasifikar tana ƙara sosai, in an ɗauke wuta kuma na baya ba sa ji sam, ga sauro. Lokacin tambaya ya yi kaɗan ga babi irin wannan, mutane na tashi da magana a bakinsu. Kuma har yanzu babu ɓangaren mata, alhali iyayenmu mata su suka fi ɗanɗana rashin 'ya'ya da jinya, gaskiya ya kamata masu makarantar su duba wannan da gaggawa.

In za ka je ka riƙe littafi da biro, ka kuma je da wuri don tabarmar gaba tana cika tun kafin a idar da shafa'i da wutiri.