V10 na da, V6 na yanzu: ina ƙarar ta tafi?

Ɗan'uwa, ka ce a bidiyon Formula 1 na 2004 motoci ihu suke yi mai kashe kunne, na shekarun nan kuwa gurnani kawai, shi ne kake tambaya ko an rage wa injinan ƙarfi ne. Ba a rage ba. Abu biyu ne suka canja: yawan fashewar da ke faruwa a cikin inji a daƙiƙa ɗaya, da hanyar da hayaƙi ke bi kafin ya fito.

Lissafin mai sauƙi ne. Kowace silinda tana cin wuta sau ɗaya a juyi biyu. V10, wato inji mai silinda goma, mai lita 3, wanda doka ta wajabta daga 2000 zuwa 2005, yana kai juyi 19,000 a minti, kuma BMW ce ta fara tsallake wannan adadi a Monza a 2002. Wato juyi kusan 317 a daƙiƙa, sau biyar tunda silinda biyar ke cin wuta a kowane juyi, fashewa kusan 1,580 ke nan. V8 mai lita 2.4 da ya gaje shi a 2006, da aka ƙayyade masa 18,000 daga 2009, yana ba da 1,200. V6 mai lita 1.6 da ya zo a 2014, in yana kan 12,000, 600 kacal. Yawan fashewa shi ke siranta murya.

Za ka ce ai doka ta ba V6 ɗin damar kai 15,000. Haka ne, amma ba mai zuwa can. Dokar 2014 zuwa 2025 ta ce fetur ba zai wuce kilo 100 a awa ba, kuma a juyi 10,500 ake cimma wannan iyaka. Daga nan duk juyin da ka ƙara ba ƙarin mai, sai ƙarin gogayya da zafi, don haka direba ke sauya giya da wuri.

Sai salansa, kuma a nan babban bambancin yake. V10 bututu biyar ne a kowane gefe suke haɗewa su fito waje, ba abin da ya tare su. A V6 kusan duk hayaƙin sai ya bi ta turbo guda ɗaya, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji iska, ya juya fankarta, fankar ta shanye bugun da kunne ke ji. Daga 2014 zuwa 2025, a kan sandar turbon an ɗaura wata na'ura, MGU-H, mai iya juyi har 125,000 a minti, tana mai da wannan ƙarfi lantarki. Ƙarar V10 dai ƙarfi ne da ake zubarwa a iska. Shi ya sa tsofaffin injinan ba su amfana da fiye da kusan kashi 30 cikin ɗari na man da suka ƙona, V6 masu MGU-H kuwa sun haura 50, suna ba da ƙarfin doki kusan 1,000 inda V10 ya tsaya wajen 900. Da ƙorafi ya yi yawa a 2014, Mercedes ta gwada salansa mai faffaɗan baki irin na kakaki a Barcelona. Ba ta canja komai ba.

Lalacewarsu ma ba iri ɗaya ba ce. A juyi 19,000 sifirin na ƙarfe ba ya iya rufe bawul a kan lokaci, sai aka koma amfani da iskar gas mai matsi, dabarar da Renault ta kawo a 1986. In iskar ta yi yoyo, bawul ya makara, fistin ya daki kansa, inji ya buga nan take, farin hayaƙi ya rufe hanya. 'Yan kallo na son wannan, masu biyan kuɗi ba sa so. A 2004 aka ce inji ɗaya ya yi gasa guda tun daga gwaji, a 2005 gasa biyu. V6 kuwa sau da yawa shiru yake mutuwa: batir ko MGU-K, na'urar lantarkin da ke ƙara wa inji ƙarfi, ya ɗauke, ƙarfin doki kusan 160 ya ɓace a motocin 2014 zuwa 2025, ka ga ana wuce mota a miƙaƙƙiyar hanya ba ka san dalili ba.

A wajen abin kallo, mu dai turbon shekarun 1980 muke ba kambu. Lita 1.5 ne, amma na BMW mai silinda huɗu yana haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbi, ya yi 'yan zagaye a cire shi. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, man da bai ƙone ba ya kama a salansa, harshen wuta ya fito. Ka saurare su da kyau, su ma muryarsu ƙasa take, don turbo turbo ne. Tartsatsin da kake gani yanzu kuwa ba na inji ba ne, ƙarfen titaniyom ne da aka dawo da shi ƙarƙashin mota a 2015 yake gogar kwalta.

Dokar 2026 ta cire MGU-H, ta kai ƙarfin lantarki kilowat 350. Amma silinda shida ce har yanzu, turbo kuma yana nan a bakin salansa, saboda haka kada ka sa rai da ihun 2004.