Na Biya Kuɗin Wata Don Kallon Cillian Murphy, Ga Abin Da Na Tarar

Idan Peaky Blinders, shirin nan mai dogon zango na Cillian Murphy, kaɗai ke ranka, ba ka buƙatar dogon bayani: biya kuɗinka ka shiga kallo, zango shidan nan duk suna nan, kashi 36 cif, hoto tangaran. Ni kuwa ba shi ya kai ni ba. Na yi rajistar wata guda a wata manhajar kallon fina-finai ne don in bi Cillian Murphy daga tushe, in ga yadda yaron birnin Cork na ƙasar Ayalan, wanda ya watsar da karatun lauya, ya zama mutumin da aka miƙa wa Oscar a watan Maris na 2024. Manhajar ta biya mini rabin buƙata, rabin kuma ta bar ni da ƙishirwa.

Tun a bakin ƙofa aka fara jan rai, don katin bankina na naira ya ƙi wucewa sai da na bi ta wani. Data kuma tana shanta ba sani ba sabo. Dabarar ita ce ka rage ƙarfin hoton zuwa matsakaici, ka sauke fim cikin dare lokacin da intanet ke da sauri, ka kalla washegari. A nan kam na yaba musu: ko sadarwa ta yanke, saukewar tana ɗorawa daga inda ta tsaya, kuma idan waya ta mutu a tsakiyar kallo, kana kunnawa za ta mayar da kai daidai inda ka bari. Rubutun ƙasan fim akwai na Turanci da Faransanci da Larabci, babu na Hausa. Kada ka ce ai ka ji Turanci ka kashe shi. Turancin mutanen Cork wani abu ne daban, suna rera shi suna haɗiye rabi, na Birmingham, garin su Peaky Blinders, ma ba sauƙi.

An haifi Murphy ranar 25 ga Mayu, 1976, mahaifiyarsa malamar Faransanci ce, mahaifinsa ma'aikacin ilimi. Kiɗa ya fara so. Ƙungiyar da suka kafa da ƙaninsa har tayin kwantiragi ta samu daga wani kamfanin waƙa na Landan, suka ƙi karɓa. A 1996 ya shiga jami'ar Cork karatun shari'a, zuciyarsa ba ta wurin, a shekarar ne kuma ya samu gurbi a wani wasan daɓe mai suna Disco Pigs na marubuci Enda Walsh, shi da wata yarinya Eileen Walsh. Wasan da aka shirya zai yi 'yan makonni sai ya yi farin jini, suka yi ta yawo da shi ƙasa-ƙasa. Daga nan bai koma aji ba.

To, a nan ne babban giɓin manhajar yake. Rubuta sunansa a wurin bincike, za ta jero maka manyan fina-finan Amurka a sahun gaba, amma aikinsa na daɓe babu ko ɗaya, ko da na bidiyon da aka naɗa ne. Babu Misterman na 2011, inda shi kaɗai tal yake riƙe dandamali daga farko har ƙarshe, yana magana da muryoyin da ke fitowa daga tsofaffin rakodoji, wasan da ya tashi daga Galway ya je New York da Landan, ya ci masa Drama Desk, kyautar wasannin daɓe ta New York. Babu Ballyturk na 2014. Fim ɗin Disco Pigs na 2001 ma babu. Wanda ya dogara da wannan jeri zai ɗauka mutumin a Hollywood ya fara, alhali daɓe ne ya gina shi, kuma ko bayan ya yi suna bai daina komawa can ba.

Abin da na samu na fara shi da 28 Days Later na 2002, wanda Danny Boyle ya ba da umarni. Ga siririn saurayi ya farka a asibiti, ya fito ya tarar da Landan wayam ba kowa. Hoton fim ɗin dishi-dishi ne, kada ka zargi manhajar ko wayarka, da ƙananan kyamarorin bidiyo aka ɗauki yawancinsa da gangan. Daga nan sai Batman Begins na 2005. Gwajin zama Batman ɗin ya je yi, mai ba da umarni Christopher Nolan ya ga bai dace ba, amma idanun nan suka tsaya masa a rai, ya ba shi bos, likitan mahaukata mai rufe fuska da buhu. Red Eye na shekarar ma bos ne. Waɗannan na wuce su da sauri, nishaɗi ne ba laifi.

Wanda ya biya mini kuɗina shi ne The Wind That Shakes the Barley na 2006, aikin Ken Loach, wanda ya ci babbar kyautar bikin Cannes a Faransa. Sai da na tona kafin in same shi, manhajar ba ta ko tallata shi. Labarin yaƙin ƙwatar 'yancin Ayalan ne daga hannun Birtaniya, 1919 zuwa 1921, da yaƙin basasar da ya biyo bayan yarjejeniyar Disamban 1921, a karkarar Cork aka ɗauke shi, wato gida aka mayar da Murphy. Ya fito a Damien, sabon likita da ke shirin tafiya aiki Landan. A gabansa dakarun Birtaniya suka kashe wani matashi saboda ya ƙi faɗin sunansa da Turanci, ya nace da harshen iyayensa. Duk wanda kakanninsa suka ɗanɗani mulkin Bature ɗayan nan, ba sai an yi masa fassara ba. Amma wurin da ya fi tsaya mini shi ne kan wani tudu, inda aka umarci Damien ya harbe wani yaron ƙauyensu da ya tona asirin 'yan gwagwarmaya, yaron da ya sani tun yana ƙarami. Babu kiɗa mai tayar da hankali, babu ihu. Yana tambayar yaron ko ya rubuta wasiƙa, muryarsa na neman karyewa yana danne ta, ya yi abin da zai yi, sannan ya juya ya gangara shi kaɗai yana tuntuɓe. Na tsayar da fim ɗin a nan na ɗan jima. Wannan kam ba kwalliya ba ce, aiki ne.

Sai Peaky Blinders, 2013 zuwa 2022, wanda Steven Knight ya ƙirƙira wa BBC. Shi ne ya sa hoton Tommy Shelby, wato Murphy a shirin, da hula da sigari ya cika wayoyin samarinmu, ana liƙa masa kalaman da bai taɓa furtawa ba. Ra'ayina, kuma na san za a yi mini ca: zango na ɗaya da na biyu su ne naman. A can kana ganin sojan da ya dawo daga haƙar ramuka a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana kwance yana jin ƙarar shebur a jikin bango, jarumtar da yake nunawa a titi duk rufin asiri ce. Daga baya abin ya koma yawan taku cikin hayaƙi da tsayuwar ɗaukar hoto. Zango na shida kuma ya yi maraicin Helen McCrory, wadda ta fito a Polly, goggon Tommy, da ta rasu a Afrilun 2021. Ita kaɗai ce a gidan ke iya kallon Tommy ido cikin ido ta ce masa ƙarya yake.

A Dunkirk na 2017, fim ɗin yaƙi na Nolan, bai fi 'yan mintoci ya samu ba, ko suna ba a ba shi ba, soja ne da aka tsamo daga teku yana makyarkyata, yana ƙin a mayar da shi inda ya fito. Ya ishe shi.

Oppenheimer na 2023 shi ne fim na shida tsakaninsa da Nolan, na farko da ya ja ragama, ya fito a Robert Oppenheimer, masanin da ya jagoranci ƙera wa Amurka bam ɗin nukiliya. Awa uku ne, magana ce zalla cikin sauri, daga Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin, zuwa gwajin bam na 16 ga Yuli, 1945, zuwa zaman tuhumar 1954 da aka ƙwace wa masanin izinin sanin sirrin gwamnati. An ɗauke shi ne don katafaren majigi, kallonsa a waya kamar kallon Hawan Daushe ne ta kafar zana. Na jona da talabijin, nan ma sai kiɗa ya riƙa danne magana, ina ƙara murya ina ragewa. Duk da haka fuskar tana isar da saƙo, musamman inda ake masa tafi bayan Hiroshima, bakinsa na yabon nasara, idanunsa na ganin gawarwaki. Fim ɗin ya kwashi Oscar bakwai, shi kuma ya zama haifaffen Ayalan na farko da ya ci ta gwarzon jarumi. Masu cewa ai Daniel Day-Lewis ya riga shi su tuna a Landan aka haifi wancan, takardar zama ɗan ƙasa ce yake da ita.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne Small Things Like These na 2024, wanda ya buɗe bikin fina-finai na Berlin. Manhajar ta nuna mini hotonsa kamar yana cikin kuɗin wata, ina dannawa ta ce sai na biya na haya daban. Na biya, ina guna-guni. Murphy ya fito a mai sayar da gawayin kwal a garin New Ross na Ayalan a 1985, uban 'ya'ya mata biyar, ya gano abin da ake yi wa 'yan matan da ake tsarewa a gidajen wanki na 'yan coci, gidajen da na ƙarshensu sai a 1996 aka rufe shi. Matarsa a fim ɗin Eileen Walsh ce, abokiyar wasansa ta farko. Ina cikin kallo ɗan ƙanwata ya leƙo, daidai inda Murphy ke tsaye a bakin famfo yana dirzar baƙin kwal daga hannuwansa da buroshi, kai a sunkuye.

"Kawu, wai wannan Tommy Shelby ne? Me ya same shi?"

"Shi ne. Jawo kujera ka gani."

Bai yi minti goma ba ya miƙe, wai ba a harbi. Gaskiyarsa, fim ne mai sanyin tafiya, mutumin da kyar yake haɗa jimla biyu, duk abin a kafaɗa da numfashi yake.

Masu iyali su kula: Peaky Blinders cike yake da ashar da giya da abin da ba a kallo da yara, Oppenheimer ma yana da wuraren tsiraici. Manhajar tana da makullin yara mai lambar sirri, yana aiki, a sa shi.

Shin ta cancanci kuɗin? Na wata guda, e, muddin kana da talabijin ko kwamfuta da isasshiyar data. Ban sabunta ba, don abin da ya rage mini na aikinsa ba ya wurinsu. Idan za ka yi rajista, fara da fim ɗin Ken Loach tun kuɗin na da ɗumi, ka bi da Dunkirk da Oppenheimer, ka ware na hayar fim ɗin mai kwal, Peaky kuwa zango biyu ka gani ko za ka ci gaba.