Filash ɗin tsohon resilin: wa ya ce Demolition kwafi ne?

Akwai wani shagon turi a bakin layinmu da nake zuwa idan yara sun matsa a sa musu katun. Rannan ina tsaye ina jira, sai na hango ƙarti biyu a allon kwamfutar yaron shagon, fuska duk fenti, kafaɗu duk ƙusoshi. Mu da muka tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo, lokacin da ake karo-karo a karɓo haya a cunkushe a ɗakin mai talabijin, ba sai an gaya mana su waye ba. Na ce, "Kai, ina ka samo Road Warriors?" Ya ce, "Baba, ai tsohon resilin na 'yan biyu-biyu ina da shi jibgi. Kawo filash in zuba maka."

Na sayi filash mai gig 64 a wurinsa, ya cika shi kusan taf. Yau sati uku ke nan ina kallo bayan Isha'i, kuma na gama duk abin da ya yarda ya buɗe.

Bari in fara da kayan kansa. A talabijin ya buɗe ba gardama, ba sai na nemi kwamfuta ba, kuma babu zancen data, wanda shi ne babban abin da ya sa na saya. Wasannin kamfanin WWF na 1988 zuwa 1991 hotonsu tas. Na Georgia da na Memphis kuwa kamar ta cikin labule kake kallo, amma wannan ban ɗora wa yaron laifi ba, tsufan kaset ne. Inda laifinsa yake: wasanni huɗu sun yanke kafin a ƙirga uku, biyu murya na gudu hoto na binta a baya, akwai wanda aka sa sau biyu da suna daban-daban, sannan babu shekara ko ɗaya a jikin sunayen. Wanda bai san tarihin ba zai kalli na 1990 kafin na 1984, ya ɗauka uba ne ya ɗauko kamannin ɗa.

Abin da ya sa na zauna rubutu dai ba wannan ba ne. Yaron ya raba kayan gida biyu, folda ɗaya ya rubuta ORIJINA, ɗaya KWAFI. A ta farko ya zuba Road Warriors da Rock 'n' Roll Express da Brain Busters. A ta biyu ya tara Demolition da Powers of Pain da Rockers da Ascension da FTR, har da wasu da ma gara a manta da su. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Baba, ai wanda ya riga fitowa shi ne orijina, kamar atamfa." Na yi dariya a lokacin. Da na gama kallo kuwa dariyar ta koma gardama, domin wannan ma'aunin na Kantin Kwari bai hau resilin ba.

Road Warriors ba su da abokin musu a wajen razana mutane. Hawk da Animal sun fito a 1983 a kamfanin Georgia, Paul Ellering na manajansu. 'Yan Minnesota ne da suka yi aikin tsaron ƙofar gidan rawa, Eddie Sharkey ya koyar da su, amma a fili ana shelar daga Chicago suke. Animal da zanko a tsakiyar kai, Hawk kuma an aske tsakiyar an bar gefe biyu. Wasanninsu na farko a filash ɗin ko minti uku ba sa kaiwa: su shigo a guje, su ɗaga mutum sama kamar buhun dusa, su yar, a tashi. Ana dasa kan Hawk a ƙasa ya miƙe kamar sauro ne ya cije shi. A ƙarshe Animal ya saɓa mutum a wuya, Hawk ya taso daga saman igiya ya kwashe shi da damtse. Sun ɗauki kambun kamfanin AWA a 1984, na NWA a 1988, na WWF a 1991, kuma a Japan ma an san da zamansu.

To amma su ɗin daga ina suka samo? Sunan ma kansa na fim ne, Mad Max kashi na biyu da ya fito a 1981, wanda a Amurka aka sayar da shi da sunan The Road Warrior. Zankon da fatun da kamannin 'yan daban ƙarshen duniya duk daga can aka kwaso. Ke nan babban orijinan yaron shagon shi ma aro ya yi, sai dai bai aro daga ɗan kokawa ba.

Demolition fa? A nan ne na fi daɗewa, har uwargida ta fara tambaya ko an biya ni ne. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba: da Vince McMahon, mai kamfanin WWF, yana da Road Warriors a hannu a farkon 1987, da wuya a ce an ƙirƙiri Demolition. Ƙarti biyu, fenti a fuska, baƙar fata mai ƙusoshi, har da abin rufe fuska da suke shigowa da shi mai kama da na babban bos ɗin wancan fim ɗin. Niyyar mai kamfani a bayyane take. Farkon ma da tuntuɓe aka fara, domin a cikin su biyun, Ax da Smash, Smash na farko Randy Colley ne, wanda mutane suka sani a cikin Moondogs, fentin bai ɓoye shi ba, 'yan kallo suka riƙa kiran tsohon sunansa. Ba a jima ba aka cire shi aka sa Barry Darsow, shi ma ɗan Minnesota, shi ma ɗalibin Eddie Sharkey. Makaranta ɗaya, malami ɗaya.

Sai dai ka kashe muryar talabijin, ka manta da fentin, ka kalli hannu da ƙafa kawai. Ba abu ɗaya suke yi ba sam. Ax, wato Bill Eadie, tsohon hannu ne tun shekarun 1970, ya yi suna da Masked Superstar kafin a shafa masa fenti. Shi ba ya ɗaga mutum sama don a yi ihu. Su Demolition sara suke yi: su durƙusar da mutum, su haɗe hannu biyu su yi ta kirɓar bayansa kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan ya ɗaga wancan ya sauke. Su ja shi lungunsu, su hana shi taɓa hannun ɗan'uwansa, su yi ta musayar shiga. Kuma abin da Road Warriors na farko-farko ba sa yi, su suna yi: idan aka buge su suna nuna ya shige su. Shi ya sa wasansu da Hart Foundation ko da Brain Busters ke iya daɗewa ba ka duba agogo ba. Road Warriors kallon haɗarin mota ne, Demolition kuwa kallon aikin rushe gini, bulo bayan bulo.

A WrestleMania ta huɗu, ranar 27 ga Maris 1988, suka karɓe kambu daga hannun Tito Santana da Rick Martel, da taimakon sandar manajansu Mr. Fuji. A matsayin mugaye suka shiga, amma ka saurari ɗakin, akwai masu yi musu tafi. Kambun ya kwana 478 a hannunsu kafin Brain Busters, wato Arn Anderson da Tully Blanchard, su ƙwace a Yulin 1989, kuma babu wanda ya karya wannan tarihi sai New Day a ƙarshen 2016. Na san resilin shiri ne, mai kamfani ke zaɓar wanda zai ci. Amma mai kamfani ɗan kasuwa ne, ba zai bar kaya a gaban shago wata goma sha biyar ba in ba a saye. Sannan akwai farkon Royal Rumble na 1989, wasan da ake shigowa ɗaya bayan ɗaya bisa lamba kowa na ta kansa, wanda na maimaita sau uku: lamba ɗaya Ax, lamba biyu Smash, suka kalli juna suka hau dukan juna ba sani ba sabo, har na uku ya shigo suka haɗu a kansa. Wannan ba daga wurin kowa suka aro shi ba.

Wanda foldar KWAFI ta dace da su ba tantama su ne Powers of Pain. Warlord da Barbarian aski iri ɗaya da na Hawk da Animal, fenti iri ɗaya, ƙira iri ɗaya. Amma ko su ɗin da gangan aka yi, domin a kamfanin Jim Crockett an haɗa su ne don su kara da Road Warriors ɗin kansu, mutum ya ga inuwarsa ta taso masa. Da suka koma WWF a 1988, babu wanda za su yi wa inuwa, sai aka haɗa su da Demolition. A Survivor Series ta shekarar Fuji ya juya wa Demolition baya ya koma wurinsu, 'yan kallo kuma suka bi Ax da Smash. Ga masu fenti huɗu a fili ɗaya, mutane ba su ruɗe wajen zaɓe ba.

Abin takaicin, wanda ba laifin filash ba ne, shi ne karawar da kowa ke jira ba ta zo a kan kari ba. Lokacin da Hawk da Animal suka shigo WWF a 1990 da sunan Legion of Doom, lafiyar Ax ta fara ba shi matsala, an ƙaro Crush sun zama uku. A SummerSlam ta shekarar Legion of Doom suka fito suka tona asirin musayar da Demolition ke yi ta ƙarƙashin fili, Hart Foundation suka ɗauke kambu. Daga nan sai gangara. Kafin shekara ta ƙare Ax ya bar kamfanin.

Ɓangaren kyawawan samari kuwa a nan ma'aunin yaron ya karye gaba ɗaya. Ya sa Rock 'n' Roll Express a ORIJINA, Rockers a KWAFI. Alhali Ricky Morton da Robert Gibson an haɗa su ne a Memphis a 1983 saboda Fabulous Ones, wato Stan Lane da Steve Keirn, sun yi kasuwa har ana neman irinsu na biyu. Su kuma Fabulous Ones Jackie Fargo ne ya tsaya musu, ya ba su gadon sunansa da takunsa. In dai riga fitowa ce hujja, to foldar ORIJINA za ta yi ta ramewa har ta zama wayam. Duk da haka Morton ya mallaki abin da babu wanda ya kai shi: shan duka. Zai yi minti goma ana jan sa a ƙasa yana miƙa hannu, mata na kuka a layin gaba, ranar da yatsansa ya taɓa na Gibson sai ɗaki ya fashe. Wasan da suka ci kambun NWA a 1985 yana ciki, kuma na yi dariya da na gane ɗaya daga cikin "Rashawan" da suka kayar, Krusher Khrushchev, shi ne dai Darsow da zai zama Smash. Mutum ɗaya, yau Barashe gobe mai rushe gini. Su kuma Rockers, wato Shawn Michaels da Marty Jannetty, sun aro sunan da kyallayen da dogon gashin, har a AWA Midnight Rockers ake ce musu. Amma gudu da tsalle da bugun da suke saukewa lokaci guda kamar an auna da ma'auni, wannan nasu ne.

FTR ma ban yarda da inda aka ajiye su ba. Su da bakinsu suke faɗin daga wurin su Anderson da Blanchard suka koya. A dambe idan matashi ya kira kansa Shagon wane, babu mai ce masa jabu, ana dai zuba ido a ga ko hannun zai kai na maigidan.

Jabu na gaskiya yana can ƙasan foldar. A 1996, da Scott Hall da Kevin Nash, masu fitowa da sunan Razor Ramon da Diesel, suka koma kamfanin WCW, WWF ta ɗauko wasu mutum biyu ta sa musu kayan Razor Ramon da Diesel da sunayensu, ta ce ga su nan sun dawo. Kama da wane ba ta wane. Mutane suka yi musu ihu, abin ya mutu murus cikin 'yan watanni. Shi wanda ya yi Diesel na bogi, Glenn Jacobs, da aka ba shi nasa kayan a 1997 sai ga Kane. Haka New Rockers da New Midnight Express, duk wanda aka liƙa wa "sabo" a gaban sunan wasu bai kai labari ba. Ascension kuma sun zo a ƙarshen 2014 da fenti da kafaɗu suna cika bakin sun fi Road Warriors da Demolition, kamfanin da kansa ya mayar da su abin dariya. Wasanninsu biyu na kalla na wuce.

Ko filash ɗin ya ci kuɗinsa? Ya ci, ga wanda ya san mutanen nan ko yake da mai yi masa bayani a gefe. Ga yaron da ya tashi da kallon 'yan baya-bayan nan irin su Usos kuwa zai sha wahala, saboda rashin shekarun nan da kuma rabon da aka yi. Midnight Express ma wasa uku kacal aka sa musu, wanda a wurina ya fi yankewar wasanni huɗun ciwo.

Jiya na mayar masa ya sake zuba waɗanda suka yanke, bai karɓi ko sisi ba. Na ce ya fitar da Demolition da Rockers daga KWAFI. Ya ce, "Baba, in na sa su a ORIJINA masu saye za su yi mini surutu." Muka yi ta ja, har mai jiran a tura masa waƙoƙi ya fara tsaki. A ƙarshe ya buɗe folda ta uku ya jefa su ciki, ya tambaye ni sunan da zai sa mata. Kafin in yi magana aka ɗauke wuta.