Sa-kai, riƙo ko ɗauka gaba ɗaya: wanne ya dace da mai iyali a gidan haya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana zaune da iyali a gidan haya a Birmingham, yara sun matsa maka da maganar kare, kuma cibiyar ceton karnuka da ke kusa da ku, wadda akasarin karnukanta Staffie ne (wato irin karen da ake kira Staffordshire Bull Terrier) da danginsu masu faɗin kai da ƙirji, tana neman masu aikin sa-kai, masu riƙon kare na ɗan lokaci, da masu ɗauka gaba ɗaya. Kana son sanin wanne za ka shiga. Ina aikin sa-kai a irin wannan cibiya, kuma shawarata ita ce ka fara da sa-kai, riƙo ya biyo baya in hali ya yi, ɗauka kuwa ka jingine ta tukuna.

Kafin komai sai doka, don ita ke raba karen da za ka iya taɓawa da wanda ba za ka iya ba. Dokar karnuka masu haɗari ta Birtaniya ta 1991 ta hana mallakar iri huɗu: Pit Bull Terrier, Tosa na Japan, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. Daga baya aka ƙara XL Bully, wani ƙaton kare mai kama da Pit Bull, a Ingila da Wales. Tun 31 ga Disamba 2023 laifi ne a sayar da shi, a bayar da shi kyauta ko a sauya masa gida, kuma tun 1 ga Fabrairu 2024 laifi ne a ajiye shi ba tare da takardar izini ta musamman ba. Saboda haka babu cibiya mai bin doka da za ta ba ka shi, riƙo ko ɗauka. Duk wanda ya yi maka tayinsa a Facebook, jefa ka cikin rigima zai yi. Kuma ba da takardar asali ake tantancewa ba, da siffa ne da awo: namijin da tsayinsa ya kai inci 20 a kafaɗa, ko macen da ta kai 19, in sauran kamannin sun dace, zai iya faɗawa cikin jerin. Shi ya sa ɗan kwikwiyon da ba a san iyayensa ba yake da hatsari, don ba ka san inda girmansa zai tsaya ba.

Staffie ba ya cikin waɗannan. Ɗan yankinku ne ma, can wajen Black Country da Staffordshire, nauyinsa kilo 11 zuwa 17, kuma Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, ta amince da shi a 1935. Kakanninsa karnukan faɗa ne, waɗanda aka riƙa haɗawa a ɓoye bayan an hana wasan sa karnuka su far wa bijimi a 1835. Har yau ana ganin sawun wannan tarihin: yana son mutane kamar me, amma da yawansu ba sa jituwa da wasu karnukan.

Aikin sa-kai rabin yini ne a mako, ko abin da kuka shirya da cibiyar. Kada ka zaci wasa da karnuka za ka je yi. Wanke kwanoni ne, da barguna masu gashi, da goge ɗakuna da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da fita zagaye cikin yayyafi da ledar kwashe kashi a aljihu. Ba ka biyan komai sai kuɗin motarka. Abin da kake samu kuwa ba ya sayuwa: za ka koyi karanta kare. Akwai wata tsohuwar Staffie da nake fita da ita, baƙa mai farin ƙirji. A ɗakinta ba ta daina juyi, ta lashe ƙafafunta na gaba har sun yi ja, mai wucewa zai ce mahaukaciya ce. Da mun fita ƙofa sai jikinta ya saki. Amma in ta hango wani kare daga nesa, za ka ga ta ƙame, baki ya rufe, jela ta miƙe, nauyinta duk ya koma gaba. Daƙiƙa biyu ke gare ka ka juya da ita. Wannan ba a koyonsa a bidiyo, sai da igiya a hannu. Yawancin cibiyoyi manyan mutane suke ɗauka a wannan aikin, don haka ka gaya wa yara tun wuri cewa ba lallai su bi ka ba.

Riƙo kuma wani abu ne daban, don a nan karen zai shigo gidanka. Na cibiyar ne har yanzu. Su ke biyan likitan dabbobi, galibi har da abinci da shimfiɗa, su kuma ke zaɓar wanda zai ɗauke shi a ƙarshe. Naka shi ne lokaci da haƙuri, makonni ko watanni. A cikin ukun nan, a ganina, riƙo ne ya fi yi wa karnukan amfani. Staffie ba ya jure zaman keji, kaɗaici da haushin sauran karnuka suna lalata shi. In ya yi 'yan makonni a gida sai ainihin halinsa ya fito, ka iya gaya wa cibiyar ko yana ɓarna in an bar shi shi kaɗai, yadda yake yi da baƙi, ko yana tsoron injin shara. Da wannan bayanin ake samar masa gidan da ba za a dawo da shi ba, kuma ɗakin da ya bari wani kare ne zai shiga. Sai dai kwanakin farko suna da wuya: fitsari a kan kafet, kukan dare, ƙin cin abinci. Ranar rabuwa kuma yara za su yi kuka, ka shirya musu tun farko.

Ɗauka gaba ɗaya alkawari ne na shekaru. Staffie kan kai 12 zuwa 14. Kuɗin da za ka ba cibiyar, 'yan ɗaruruwan fam, shi ne mafi sauƙi, don yawanci an riga an yi masa fiɗiya da allurai, an kuma sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda ta zama dole tun 2016. Bayan nan komai a wuyanka: abinci, inshora, da ciwon fata da ƙaiƙayi da ke yawan damun wannan iri. In jijiyar gwiwa ta tsinke, aikinta dubban fam ne. Ka kuma tuna da tafiya gida. Wata guda a Kano ko Zariya na nufin wata guda na kuɗin masaukin kare, ko roƙon wani ya riƙe maka, kuma a cikin mutanenmu ba kowa zai karɓa ba. Mai riƙo kawai zai sanar da ranar tafiyarsa a shirya. Mai sa-kai ko wannan bai dame shi ba. Haka batun haya: riƙo da ɗauka duka sai da izinin mai gidan haya a rubuce, amma mai ɗauka zai sake fuskantar wannan tambayar duk lokacin da ya tashi sauya gida.

Wuri ɗaya da ukun suka haɗu shi ne alhaki. Dokar 1991 ba ta tsaya kan iri huɗu ko biyar ba. Kowane kare ne, in ya fi ƙarfin mai riƙe da shi ya yi ɓarna, ana iya kama mai shi da wanda yake kula da shi a lokacin. Tun 2014 wannan ya shafi har cikin gidanka, kuma hukuncin na iya kaiwa shekara 5 in an ji wa mutum rauni, 14 in rai ya salwanta. Gidajenmu kuwa ba sa rabuwa da baƙi. Ka yi tunanin ranar Sallah, falo cike da yaran da ba su saba da kare ba, wani ya yi ihu ya ruga. Ba a barin kare da ƙaramin yaro su kaɗai, ko na minti ɗaya, komai kirkinsa. In cibiyar ta ce a sa masa takunkumi a waje, a sa.

Sai batun addini, wanda ba ka ambata ba amma na san yana ranka, ko a ran maiɗakinka. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka taso a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, duk da an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai. Amma hadisin raguwar lada kullum ga mai ajiye kare ba don farauta, kiwo ko gona ba yana nan, haka ma na mala'iku da gidan da ke da kare. A gida mun saba kare yana waje yana gadi. A nan cibiyoyin ba sa bayar da Staffie don a ɗaure shi a bayan gida. Gashinsa gajere ne, sanyi na cutar da shi, kuma ba gwanin gadi ba ne, baƙo ma murna yake yi masa. Wato riƙo da ɗauka duka suna nufin kare a falo. Wannan ka kai wa malaminka, ka kuma zauna da uwargida, don ita za ta fi yini da shi. In ba ta amince da zuciya ɗaya ba, kada ka fara. Sa-kai ba shi da wannan sarƙaƙiyar ko kaɗan, tausayin dabba ne zalla, irin wanda aka gafarta wa mutumin da ya shayar da kare mai ƙishi dominsa.

In ka ga cibiyar ta yi maka nisa, ƙungiyar agaji ta Cinnamon Trust tana haɗa masu sa-kai da tsofaffin da ba sa iya fita da karnukansu. In kuma daga baya riƙo ya kwanta maka, ƙungiyar ceton karnuka ta Dogs Trust tana da shirin Freedom, inda ake riƙe karnukan mutanen da suka gudu daga cin zarafi a gida har su samu matsuguni.

Ka je cibiyar ranar Asabar ka cike takardar sa-kai. Ka tambaye su ko inshorarsu ta rufe masu fita da karnuka, wane horo suke bayarwa kafin su miƙa maka igiya, da yadda suke gwada halin kare kafin su tura shi gidan da ke da yara. In kun kai ga riƙo, ka nemi babban kare wanda aka san ya taɓa zama da yara, ba ɗan kwikwiyo ba, kuma a rubuta cewa za su karɓe shi da gaggawa in abu bai yi ba.