Sulallan Azurfa na Tunawa da Yaƙin Tarafalga: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

A ranar 21 ga Oktoba 1805, jiragen ruwan yaƙi 27 na Birtaniya a ƙarƙashin Admiral Horatio Nelson suka murƙushe jirage 33 na Faransa da Sifaniya a gaɓar Tarafalga, kusa da birnin Kadiz na Sifaniya. Nelson bai ga ƙarshen ranar ba, domin harsashi ya same shi a kan jirginsa Victory. Da aka cika shekara 200 a 2005, sai aka yi ta buga sulallan tunawa iri-iri, kuma har yau suna yawo a hannun dillalai, wasu na ƙwarai, wasu kuwa ƙyalli ne kawai.

Waɗanda suka fi asali su ne sulalla biyu na fam 5 da ma'aikatar buga kuɗin Birtaniya, Royal Mint, ta fitar: ɗaya yana ɗauke da jiragen yaƙin, ɗayan kuma hoton Nelson, dukansu da kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu a ɗaya fuskar. Kowanne nauyinsa giram 28.28 ne, faɗinsa milimita 38.61. A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido sosai, saboda an buga zane ɗaya a kan ƙarfe daban-daban. Akwai na gamin jan ƙarfe da nikel, wanda ba shi da ko ɗigon azurfa, akwai kuma na azurfa mai tsarkin kashi 925 cikin 1000, wato kusan giram 26 na zallar azurfa. Nauyinsu ɗaya ne, kuma maganaɗisu ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu, don haka sikeli da maganaɗisu ba za su raba gardama ba. Abin dogaro shi ne akwatinsa na asali, da takardar shaidar ma'aikatar, da dillalin da ya yarda a mayar masa da kaya idan gwaji ya ƙaryata shi.

Akwai kuma mai kauri ninki biyu, wanda nauyinsa ya kai giram 56.56. An buga shi kaɗan ne, shi ya sa farashinsa ya zarce darajar azurfar da ke jikinsa, kuma ya fi dacewa da wanda ya daɗe yana tara sulalla.

Jibralta, wani yanki na Birtaniya da ke kudu da Sifaniya, da tsibiran Jersey da Guernsey da ke tsakanin Ingila da Faransa, su ma sun fitar da nasu, kuma na Jibralta yana da dalili mai ƙarfi, tunda can aka ja jirgin Victory bayan yaƙin. Sai dai masu neman su ba su kai na Royal Mint yawa ba, wanda hakan kan jinkirta sayarwa idan buƙata ta taso.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne lambobin tunawa da kamfanoni ke shafa wa ruwan azurfa, waɗanda ba su ɗauke da adadin kuɗi ko sunan ƙasa, alhali ana tallata su da farashin azurfa ta gaske.

A ganina, mai farawa ya nemi sulen azurfa na Nelson a cikin akwatinsa, ya lissafa kuɗin giram 26 a farashin kasuwa na ranar, sannan ya duba ko ƙarin da aka ɗora ya yi daidai da lafiyar sulen. Idan ya saya, kada ya goge shi ko ya taɓa fuskarsa da yatsa, domin ƙarzuwa ɗaya tana rage masa daraja a wurin masu tarawa.